Ranar da 'Yar Baƙa Ta Shiga Tukunya

Nasara dai bai san suruki ba. Da ya sani, da bai ɗauko Attaher daga makarantar likita ta Yamai ya dire shi a Dakoro ba, ya ce wai shi ne Majo, wato shugaban gidan likita, alhali mai allurar da zai shugabanta mutum ɗaya ne tak, kuma mutumin nan uban matarsa ne. Zamanin Faransa ne. Wa zai je gaban kumandan, Baturen mulki, ya ce masa takardar da ya sa wa hannu ta jawo abin kunya? Haka nan Attaher ya kama aiki.

Surukin, Malam Kalla, tsohon soja ne. A bariki ya koyi allura, kuma shi ya buɗe gidan likitan nan tun yana ɗaki ɗaya da rumfar zana. Tun daga Ajekoriya har Bader Gula ba wanda bai san shi ba, amma in gaskiya za a faɗa, allurarsa ta fi shi suna. 'Yar Baƙa ake ce mata. Wata doguwa ce mai kauri, ta dafe don tsufa, tsininta ya dakushe, sai ya goga ta a dutse kafin ta yarda ta shiga fata. A naɗin hularsa yake soke ta. In zai yi aiki sai ya zare ta, ya goga a dutse, ya hura ta fuu, ya share da hannun riga, ya ɗaura a bakin kwalbar allura, ya ce bismillah. Ƙato mai gemu zai kurma ihu ya kira uwarsa, sannan ya miƙe yana ɗingishi yana sa albarka.

Mutane kuwa so suke. A wajensu allurar da ba ta yi zafi ba ruwa ce kawai. In wurin ya kumbura ya tara mugunya, sai a ce madalla, ciwon ne ya taru wuri ɗaya zai fita. Har akwai masu roƙo a yi musu ita nan take bayan an tsire wani ƙaƙƙarfa, wai ko sa sami rabonsu na ƙarfinsa.

Attaher ya ga wannan tun ranar farko. A Yamai an koya masa cewa allura ba ta fita jikin wani ta shiga na wani sai ta tafasa a ruwa, ta jima tana tafasa. To amma ya faɗa wa wa? Mutumin da ba ya iya kallon idonsa? Attaher ɗan gidan tarbiyya ne. Bai taɓa kama sunan Malam Kalla ba, bai taɓa kurɓar ko ruwa a gabansa ba. In sun yi kiciɓis a ƙofa, Majo guda da farar rigarsa sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa, shi kuma tsohon ya kau da kai yana amsa gaisuwa yana kallon rufin ɗaki. Da yake aiki ba ya yiwuwa ba magana, sai suka sami mafita. Akwai wata babbar randa a kusurwar ɗakin allura, ita suka mai da 'yar aike.

“Randa,” in ji Malam Kalla, “a shaida wa Majo auduga ta ƙare.”

“Randa, a ce da Baba an ji, za a kawo.”

Haka randa ta yi ta kai da kawowa lafiya lau, har ranar da lokotoro, wato babban likita, ya zo rangadi daga Maraɗi. Wani siririn Bature ne mai jan wuya, da ganinsa ka san rairayin hanya ya ɓata masa rai. Ya tarar da rumfa cike, ga benci ba kowa, mutum uku suna tsaye sun dafa ginshiƙi. Ya tambaya me ya hana su zama. Samba, wani makiyayi, ya juya da alfahari ya ɗaga riga ya nuna masa kumburi kamar ƙwarya, ya ce aikin 'Yar Baƙa ne, Allah ya ƙara mata kaifi.

Lokotoro ya ja Attaher gefe, ya yi ta zuba Faransanci har wuyansa ya ƙara ja. Ƙarshen magana, zai dawo bayan damina. In ya sake tarar da kumburi ko ɗaya, ko allurar da ba a dafa ba, a gaban jama'a zai tuɓe wa tsohon farar riga ya kore shi. “Kai ne Majo,” in ji shi. “Ka kira shi, ka kalli idonsa, ka ba shi umarni. Mene ne abin wahala?”

Ka ji fa. Mene ne abin wahala!

Attaher ya rasa inda zai sa kansa. Farar rigar nan ita ce duk abin da tsohon ya tara a duniya. In aka tuɓe ta a gaban mutane, ba zai ƙara fita kasuwa ba, kuma garin nan kaf cewa za a yi surukinsa ne ya ci shi. Da wane ido zai kalli matarsa Zara? Ga shi kuma yana son tsohon, so na gaskiya, don shi ya riƙe masa Zara da ɗansu duk shekarun da yake Yamai, bai taɓa goranta masa ba.

Washegari ya tattara ƙarfin hali ya fuskanci kusurwa. “Randa, an ce a Yamai yanzu dahwa allura ake yi kahin a yi wa mutum.”

Malam Kalla bai ko ɗaga kai daga dutsen gugarsa ba. “Randa, wake ce? Su dahwa, su sa mata mai da yaji in suna so.”

Sai Attaher ya koma ga hoton da lokotoro ya bari, wata faffaɗar takarda da aka zana ƙwayoyin cuta an kumbura su, masu ƙafafu da gashi. Ya kafa ta a rumfa, ya tara masu jira ya yi musu bayani da murya sama, don wanda ke cikin ɗaki ya ji. Ya ce irin waɗannan halittu ne ke maƙalewa a tsinin allura. Samba ya matso ya ƙare musu kallo, irin kallon mai sayen dabba, ya ce shi ya yi kiwo har bakin Azawak bai taɓa gamuwa da su ba, kuma dabbar da ta kai girman tafin hannu ba yadda za ta hau allura bai gan ta ba. Jama'a suka ce wallahi gaskiyar Samba. Da la'asar Attaher ya tarar an ninke hoton an toshe tagar da iska ke shigowa.

Ya kai kuka wajen Zara. Ta saki muciya ta dube shi. “Ni? Ka manta ni ce 'yar hwari? Tun da aka haihe ni Baba bai taɓa kiran sunana ba. In na shiga gida, da kaji yake magana ni kuma in amsa. Kai kana da randa, ni kaji gare ni.”

Saura mutum ɗaya, Inna Dela ungozoma, wadda ke karɓar haihuwa a ɗakin baya. Ita taubashiyar Malam Kalla ce, 'yar kawunsa, don haka ba abin da ba ta iya faɗa masa. Ta ɗaura ɗamara ta tsaya a kansa, ga marasa lafiya suna ji.

“Kai bawana, ƙazamin banza! Wagga tsatsar da kake tsire bayin Allah da ita, ko jakina ban yarda a yi wa ba. Ka dahwa ta, ko nasara ya tuɓe ka zigidir!”

Malam Kalla ya yi dariya har da ƙwalla. Ya ce tsohuwar banza, kishi take don ita ba ta da abin da ake kira da suna. Rumfa ta ɗauki shewa. Nan Attaher ya gane inda gizo ke saƙar: duk wanda tsohon zai ɗauki maganarsa da nauyi ba ya iya yi masa magana, wadda ke iyawa kuma duk abin da ta faɗa wasa ne.

Sai dabarar shayi. Attaher jinin Buzaye ne, ya iya shayin da in ka kurɓa sai ka ji shi har ƙeya, kuma ba laifi ba ne suruki ya yi wa uban matarsa hidima. Ya sayo gawayi, ya hura murhu a bayan ɗaki, ya ɗora butar shayi gefe, tukunyar allurai gefe. In an sallami mutum ɗaya, sai Inna Dela ta leƙo ta ce shayin Majo ya nuna. Malam Kalla ya fito inuwa, ya cire hula ya rataya a ƙusa don kansa ya sha iska, ya zauna. Yana kurɓa yana lumshe ido, Dela ta zare 'Yar Baƙa ta jefa a tukunya. Kafin ya gama finjali na ƙarshe an tsamo ta an mayar.

Abin ya tafi daidai na ɗan lokaci, ko da yake tsohon ya koma zagayawa bayan gida kamar mai gudawa, kuma matarsa Uwale ta aiko tana tambaya me ake ba shi a wurin aiki da ya daina barcin rana yana ta ba ta labarin yaƙi. Ran nan sukari ya yi masa kaɗan, ya taso da kansa ya zagayo baya. Ya leƙa tukunya. Ga 'Yar Baƙa tana ta juyi cikin tafasasshen ruwa.

Salatin da ya yi har kasuwar dabbobi an ji. Ya tsamo ta da tsinke, ya riƙe a tafin hannu yana hura mata iska kamar jaririn da ya ƙone. Ya shiga ɗaki ya tsaya gaban randa. “Randa, ki shaida. Ina zaune da mutane da zuciya ɗaya, ashe dahwa ni ake yi ta baya. Sun kashe mata dahi.”

Attaher yana bakin ƙofa a durƙushe, ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige. Daga ranar Malam Kalla bai ƙara cire hula ba. Yakan ja ta har kunne. Shayin kuwa bai fasa sha ba, har aikowa yake a ƙara na'a-na'a.

Damina ta yi nisa, gero ya fid da kai, aka sami sababbin masu tsayuwa a rumfa. Attaher ya rame. Yakan tsaya shi kaɗai a ɗakin allura ya gwada faɗar maganar, “Baba, ku daina,” sai harshensa ya naɗe tun bai kai ƙarshe ba.

Sai ga sauro ya yi abin da Majo ya kasa. Wata ranar kasuwa Malam Kalla ya zo da zazzaɓi a jikinsa, ya ƙi faɗa, ya yi ta aiki yana haɗa gumi. Na ƙarshe da ya yi wa allura shi ne Rhissa mai raƙuma, wanda duk jikinsa ƙuraje ne masu ruwa, har ƙuda na bin sa. Yana soke 'Yar Baƙa a hula, sai jiri ya kwashe shi. Aka ɗauke shi ranga-ranga zuwa gida. Aka ba shi kinin na haɗiya ya amayar, aka sake ba shi ya amayar. Ba makawa sai allura, kuma allurar kinin ba a hannu ake yin ta ba, a mazaunai ake yi. Duk faɗin ƙasar Dakoro kuwa masu allura biyu ne, ɗaya ga shi kwance.

“A bar ni in mutu,” in ji Malam Kalla da aka gaya masa. “Mutuwa dai ɗaya ce. Mijin ɗiyata? A nan wurin? A tona kabari!”

Uwale ta fashe da kuka ta gudu maƙwabta, don ita ma ba ta haɗa ido da suruki. Inna Dela ce ta yanke shawara. Ta sa aka juya shi ya fuskanci bango, ta lulluɓe shi da babban zane tun daga kai har ƙafa, ta sa almakashi ta huda zanen daidai inda ake bukata, 'yar kafa kamar bakin finjali. Ta ce wannan wurin ba na kowa ba ne, nama ne kawai, kowa ya kama bakinsa.

Attaher ya yi sallama ƙasa-ƙasa ya shigo da rarrafe, gwangwanin dafaffun allurai a aljihunsa. Jikin tsohon na kaɗawa a ƙarƙashin zane, numfashinsa na fita da ƙyar, abin ya ba shi tausayi ƙwarai. Ya kai hannu aljihu, sai idonsa ya faɗa kan hular, an ajiye ta a kan tabarma, 'Yar Baƙa na soke a naɗinta. A kusurwa kuma ga randar Uwale. Wata dabara ta zo masa a rai. Rashin kunya ne tsantsa. Amma ya tuna lokotoro, ya tuna masu tsayuwa a rumfa, ya miƙa hannu ya zare ta.

Ya jawo dutsen da ke tokare ƙofa. Ƙurrr, ƙurrr, ya goga. Rawar da zanen ke yi ta tsaya cak. Ya hura, fuu. Ya share a hannun riga, ya tabbata an ji motsin yadi.

“Randa,” ya ce, muryarsa kamar ba tasa ba, “a ce da Baba ya kwantar da hankali. Tasa ce za a yi mashi, mai dahi. Ba ta ga ruwa ba. Yadda ta hito jikin Rhissa, haka take.”

Inna Dela ta toshe baki da gyale. Attaher ya sa yatsa ya taɓa wurin ta kafar zane, ya ce bismillah da ƙarfi.

“Randa!”

Attaher ya dakata.

“Randa,” muryar ta fito daga ƙarƙashin zane, siririya, “wai... ba a hura wuta ba a gidan nan yau?”

“Randa, an hura. Mi za a yi da wuta?”

Sannan tsohon soja ya ce, a hankali kamar ana zare masa haƙori, “A ɗan ɗora ta. Ta tahwasa. Kada a yi gaugawa, ba inda za ni.”

Inna Dela ta zube ƙasa tana birgima tana riƙe ciki. Attaher bai yi dariya ba. Hawaye ne ya ji sun cika masa ido, bai san ko na kunya ba ne ko na sauƙi. Ya ajiye 'Yar Baƙa, ya buɗe gwangwani ya ɗauko sabuwa siririya, ya shafa alkol ya tsabtace wurin, ya yi abin da ya kawo shi. Sai da ya gama haɗa kayansa muryar ta sake fitowa, tana tambayar randa wai yaushe za a yi allurar. Dela ta ce an yi tun ɗazu, bawan banza.

Da Malam Kalla ya warke ya dawo aiki, ba wanda ya tada zancen. Da kansa ya ɗauko murhun daga bayan ɗaki ya girke shi a tsakiyar rumfa inda kowa zai gani. Jama'a suka yi ta gunaguni, layi ba ya tafiya, allurar yanzu ba ta da zafi, an cuce su. Samba ya zo takanas ya roƙi a yi masa 'Yar Baƙa ɗanya kamar da. Malam Kalla ya daka masa tsawa irin ta bariki, ya ce duk mai son ɗanya ya tafi ya faɗa kan ƙaya, kyauta ce. 'Yar Baƙa kuwa Inna Dela ta gaje ta, tana ɗinkin buhu da ita.

Bayan an yanke gero lokotoro ya iso. Ya tarar da benci cike, kowa zaune daram a kan mazaunansa. Ya tarar da tukunya na tafasa, tsoho na tsaye a kanta da farar rigarsa yana hararar duk wanda ya matso. Ya duba, ya sake dubawa, murna ta kama shi. Ya ce a gidajen likita da yawa ya yi faɗa, ya yi barazana, ya raba hotuna, tsofaffin sun ƙi ji. Wace dabara Majo ya yi? Ya faɗa masa dalla-dalla, yana so ya koya wa sauran.

Attaher ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa. Inna Dela ta buɗe baki, ya yi mata kallon roƙo, ta rufe da ƙyar tana shaƙewa. Lokotoro ya sake tambaya.

Malam Kalla yana jin Faransancin bariki, ya gane abin da ake nema. Bai kalli Bature ba, bai kalli surukinsa ba. Ya juya ta ƙofar ɗaki, wajen kusurwa.

“Randa, a gaya mashi ba wata dabara. Yaron ya zo ya yi mani abin da na yi shekaru ina yi wa mutane. Ni na san abin da ke bakinta, na ce a tsaya, aka tsaya. Su ba su sani ba, balle su ce. Albarka suke sa mani.” Ya gyara gawayi da tsinke, ya daɗe yana gyarawa. “A kuma ce da Majo hannunshi da sauƙi. Allah ya yi mashi albarka.”

Lokotoro ya dubi Attaher. “Me ya ce? Da wa yake magana?”

Attaher ya share ido da hannun riga, ya ce, “Ya ce shayi ne, ranka ya daɗe. A riƙa ba su shayi.”